Cika-ciki a Gidan Suruki

Litinin, 20 ga watan babbar sallah, da hantsi

Shekara takwas cur ina riƙe da maganar nan, yau tunda na samu takarda sai na rubuta ta. Ranar da Kamilu ya zo gaishe ni bayan an ɗaura mashi aure da ɗiyata, a tsaye ya miƙo mani hannu. Hannu! Sai ka ce tare anka yi mana kaciya. A ƙofar gidana, gaban mutane, liman na zaune. Har yau ba wanda ya ce mani, Baba Jatau, an yi kuskure. Wai malamin makaranta ne, haka suke yi a Gusau. To ni ba a Gusau anka haife ni ba.

Ga shi yau kwana bakwai ina kwana a gidan mai hannun nan. Namiji da farin gemu, a gidan suruki. Ba ni na ce a ɗauko ni ba. Da abin nan na 'yan bindiga ya faru a ƙauyenmu, can bayan Tsafe, washegari sai ga shi da mota, ita kuma tana kuka a waya. Ita ɗin ɗiyar farina ce, ba na faɗin sunanta, ba zan kuma rubuta shi ba. Na shiga motar don ta yi shiru, ba don ina tsoron kowa ba.

Littafin nan ragowar na jikata ne, Halimatu Sadiya, mai shekara shida. Ta leƙa ta ce rubutuna kamar sawun ƙadangare. Na ce amarya, rani ɗaya na yi a ajin yaƙi da jahilci, ke shekara nawa kina zuwa, har yau ba ki iya dama wa mijinki fura ba.

Laraba, 22, bayan azahar

Ba na cin abincin gidan nan in yana ciki. Ina zan sa loma a baki, mijin ɗiyata na jin ƙarar kwanona? Ta kawo, in rufe, in kira ƙanin Halimatu, Mahadi, shi da bai kai shekara uku ba amma cikinsa ya fi na maharbi, ya share.

Allah dai ya haɗa ni da maƙwabci. Zakariya sunansa, Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi aikin gwamnati a nan har ya gama. Ya gan ni zaune bakin ƙofa ya ce, "Mutumin Tsafe, zo ka taya ni zama, bencin nan ya yi mani yawa." Ba mu jima ba matarsa Dibora ta turo tuwo. Na ce a ƙoshe nike. Ya ce shi ma a ƙoshe yake, mu ci don kada ta yi fushi. Munka cinye tas.

Abin mamaki, matar nan ta iya miyar kuka irin tamu.

Alhamis, 23, da safe

An yi ruwa sosai. Ko an yi can? Gerona ya isa maimai.

Asabar, 25, da la'asar

Yau na ji abin da ya ɗaga mani hankali, ya kuma faranta mani rai, duk a zama ɗaya. Ina lissafa kwanakin wata da yatsu na ce saura sati biyu cika-ciki. Halimatu ta ce, "Kaka, mene ne cika-ciki?"

Na ce me kika ce?

Jikokina! Ba su taɓa yi ba! Na zaunar da su a tabarma na ba su labari. Na ce in an yi layya ba a cin wutsiyar rago. A shafe ta da gishiri a rataye bisa murhu, hayaƙi ya yi ta bugun ta har wata guda. Daren goma ga sabon wata sai a sauko da ita a yi miya, a tuƙa tuwo mai yawa, kowa ya ci har ya kasa tashi. Wanda bai ƙoshi ba a daren nan, haka zai ƙare shekara yana hamma. Haka muka taras, haka marigayiya Ma'u, kakarsu, ta yi shekara arba'in tana yi a gidana.

Halimatu ta ce, "Ko an ƙoshi sai a ƙara?"

Na ce musamman ma in an ƙoshi.

"Mama ba za ta ce ya isa ba?"

Na ce a daren nan Mama ba ta da baki. Sai yarinyar nan ta miƙe tana tsalle, Mahadi ya ga tana tsalle shi ma ya kama, bai san dalili ba. Wallahi rabon da in yi dariya haka tun kafin sallah.

Bana za su yi. Ni Jatau zan yi masu da hannuna.

Litinin, 27, da hantsi

Na tambaye ta ina wutsiyar ragonsu. Ta sunkuyar da kai ta ce tun ranar sallah anka soye ta cikin nama. An soye! Wannan gida dai.

Shi kuwa daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, ai abin da ya zo a littafi azumi ne, ranar tara da ranar goma." Ban dube shi ba, na ce wa bango, a gaya wa malamin makaranta mun san azumi tun kafin a haifi babansa, kuma mai azumi ma da magariba baki yake buɗewa.

Ba komai. Tawa na nan. Ni na rataye ta da kaina a ɗakin girki, a ƙusa ta hannun dama, kwana biyu kafin abin. Ragon bana mai kitse ne, wutsiyar ta kai tafin hannu biyu. In ba su shiga ɗakin girki ba tana nan.

Na samu Sahabi a waya, direban da ke shiga wajenmu. Ya ce yanzu sau ɗaya yake shiga a sati, ranar Laraba, ya kwana ya fito Alhamis. Ya ce, "Baba, hanyar fa..." Na ce hanyar me? Ni na san hanyar nan tun ana bin ta da jaki. Wagga Larabar ya cika da mutane, ta sama ya ajiye mani gaba. Ta faɗo bakwai ga wata. In dawo takwas, tara mu ɗora tukunya. Kamar an auna!

Ban gaya wa kowa a gidan ba tukuna.

Alhamis, 1 ga watan cika-ciki, da safe

An ga wata! Saura kwana takwas.

Mun fara shiri ni da yaran. Na koya masu yadda ake sassauta wando kafin a zauna. Mahadi ya ɗage riga yana buga cikinsa kamar kalangu, yana zagaya tsakar gida yana cewa "tika-tiki, tika-tiki." Halimatu ta ce ita malmala uku za ta ci. Na ce wadda ba ta cin biyar ba na zama da ita, zan sake aure. Ta ce, "Wa zai aure ka, haƙoranka huɗu?" Uwarta ta ce kul. Na ce a bar ta, tsakanin mata da miji ne.

Na sa an nemo dawa ja, ba farar nan ta kanti ba. Na sa an nemo daddawa ta kalwa. Da kaina na je na zaɓo itace, don ba za a dafa mani wutsiya a bisa gas ba.

Asabar, 3, bayan azahar

Kwanon da Dibora ta turo yau yana da ɗan lanƙwasa a baki. Na san lanƙwasar nan. Ni na taka shi shekarar da anka kai kayan ɗakin ɗiyata, Ma'u ta yi mani faɗa kwana biyu.

Na dubi Zakariya. Ya kama kallon sama yana cewa yau akwai hadari.

Na ce, "Matarka ta iya miya."

Ya ce, "Sosai. A Tsafe ta koya."

"Ta taɓa zuwa Tsafe?"

"A mafarki."

Na cinye. Tunda ta ƙofar Zakariya ya fito, tuwon Zakariya ne. Ba wanda zai ce na ci a gidan suruki.

Lahadi, 4, da la'asar

Na kira gida sau biyar. Wayar kowa a kashe. Caji ne ba su samu ba.

Talata, 6, bayan magariba

Halimatu ta tona ni. Na ce mata asiri ne tsakanin mata da miji, ashe ba ta da ciki sai na tuwo.

Ita ta shigo ɗakina ta durƙusa. Ta ce, "Baba, don Allah, don darajar Inna." Na ce kada ki sa Ma'u cikin wagga magana, ita da tana da rai da tuni ta ɗaure mani guzuri. Ta ce, "Wutsiya ce fa, Baba. Wutsiyar rago." Na ce ke kika ga wutsiya. Ni na yi wa yara alkawari. Zan kuma duba gerona, in ga ko ƙofata na rufe, in ga wa da wa ke nan. Kwana ɗaya tak.

Ta ce, "Mutum nawa sunka ce kwana ɗaya tak?"

Tun tana goye ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni haka ba.

Shi ya tsaya daga waje ya ce in dai wutsiya ce zai nemo a kasuwa. Na ce wa bango, wutsiyar kasuwa ba ta layya ba ce, a bar koya wa tsoho abin da ya sani. Ya juya ya tafi. Yana da wannan, ba ya mayar da magana.

Na ninke riga ɗaya, na sa goro a aljihu. Gobe iwar haka ina ƙofar gidana. Jibi in shigo masu da ita a kafaɗa, Mahadi ya ga abin da ake kira wutsiya!

Laraba, 7, da hantsi

An sace mani takalmi.

A cikin gidan nan. Na dawo masallaci da asuba da su a ƙafata, na tuɓe bakin ɗaki, na shiga ɗaukar riga da hula, na fito, babu. Takalman taya, shekara shida ina sa su, ko kare ba ya ɗauka. Na duba ƙarƙashin gado, bayan randa, cikin kwata, har kan katanga. Ita tana shara tana cewa ba ta gani ba. Shi yana goge babur yana cewa bai gani ba. Na tashi yaran daga barci, Mahadi ya fashe da kuka. Na buga wa Zakariya ƙofa, ya fito da tawul a wuya ya ce, "Ni da ke da ƙafa kamar faranti, me zan yi da naka?"

Sun ɗauka ba zan fita haka ba. Ni da na yi shekara sittin ina noma ba takalmi? Na fita. Na tako har tasha, kwalta na cin ƙafata, masu babur na kallo na.

Sahabi ya tashi. Wai ya jira ni har rana ta ɗaga, sai ya ba wani wurina, wani mutum da buhun taki biyu.

Ba zan yafe wannan ba. Na rubuta, ba zan yafe ba.

Laraba, da la'asar

Zakariya ya zo da rediyonsa a hannu, a kashe. Ya zauna kusa da ni. Can Kamilu ya dawo tun kafin a tashi makaranta, sunka tsaya da ita a ɗakin girki suna magana ƙasa-ƙasa.

Na kira Sahabi. Tana shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, 8, da safe

An ga motar Sahabi a hanya, ba kowa. Ƙofofi huɗu a buɗe. Takin na ciki.

Alhamis, bayan la'asar

Ban fita benci ba yau. Halimatu ta zo ta zauna a ƙafata ta ce, "Kaka, an fasa?" Na ce wa ya ce an fasa? Ta ce ai ba wutsiya.

Muna nan sai ƙarar babur. Kamilu ne, tun safe ba a gan shi ba, wandonsa duk laka. Ya ajiye wani ƙunshi a bakin tabarmata ya koma gefe. Na kwance. Wutsiya, baƙa ƙirin da hayaƙi, gishiri ya fito mata fari-fari. Ya ce wa yaran, ba ni ba, "Ku gaya wa Kaka daga Bungudu take. Ta layyar Hajiya ce, ta ce ita ma ba ta taɓa fasa ajiyewa ba. Ta ce a raba biyu, na ce a'a, gidanmu akwai baƙo babba."

Ashe uwarsa ma tana yi. Shi ne zai tsaya yana karanta mani littafi.

Na shinshina. Ta yi. Ba ta kai tawa ba, ragon ƙarami ne, amma wadda ta rataye ta ta san aikinta. Na ce wa Halimatu, amarya, je ki gaya wa mutanen gidan nan gobe tun azahar a hura mani wuta. Ta ruga tana ihu, Mahadi na bin ta, ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba.

Juma'a, 9, bayan sallar Juma'a

Muna azumi ni da shi da ita. An jiƙa wutsiya tun safe. Na zauna a kujera 'yar tsugune ina ba da umarni: kada a sa tumatirin gwangwani, kada a sa wannan dunƙulen na takarda, daddawa da barkono da albasa sun isa. Ta ce, "Baba, ai na sani, a gaban Inna na tashi." Na ce a gabanta kika tashi kika soye wutsiya?

Ƙamshi ya cika unguwa! Dibora ta leƙo ta katanga ta ce me ake dafawa haka, na ce miyar da kika koya a mafarki. Ta yi dariya har ta saki katangar. Na sa a zuba masu babban kwano.

Ba kiɗa, ba baƙi, ba mai yawo gida-gida kamar yadda muke yi can. Mu biyar ne, ƙofa a rufe. Amma yaran nan tun yanzu sun sassauta wando.

A masallaci an yi addu'a ga waɗanda ke hannun mutane. Na ce amin. Ban san sunan mai takin ba. Na tambaya, ba wanda ya sani.

Juma'a, bayan isha'i

Sai na rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni, don ko zama da ƙyar nike yi.

Da anka sha ruwa anka yi magariba, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta jera kwanoni. Nawa ta ɗauka za ta kai waje wurin Zakariya, ko ɓoyewa ba ta yi ba yau. Shi kuma ya ɗauki nasa ya nufi zaure, don in sake.

Halimatu ta ce, "Kaka, kai ka ce kowa a wuri ɗaya."

Haka na ce. Na dubi kwanon da ke hannun uwarta, na dubi bayan mutumin nan da ya yi Bungudu ya dawo a wagga hanya, cikin laka, don abin da ya ce ba ya cikin littafi.

Na ce, "Kamilu."

Ya tsaya cak. Shekara takwas ban kira sunansa a gabansa ba.

Na ce, "Dawo. Juye naka a nan, kwano ɗaya ya ishe mu."

Ita ta juya ta shige ɗakin girki, wai ta manta gishiri. Miyar da gishiri ya yi wa yawa ma. Ta daɗe.

Munka ci. Wallahi munka ci! Halimatu ta yi uku da rabi ta kwanta rigingine tana cewa a kira likita. Na ce saura ɗaya da rabi ko in sake ki, ta ce, "Sake ni, na gaji da auren." Mahadi ya kama ƙashin wutsiya ya ƙi saki, barci ya ɗauke shi da shi a baki. Malamin makaranta kuwa, mai littafi, malmala shida. Na ƙirga. Ya ce, "Baba, na ƙoshi." Na tura mashi tsoka na ce ba a faɗin haka a daren nan. Ya ci.

Ni ban ƙirga nawa ba. Bana dai ba zan yi hamma ba.

Na ce a rufe kwano ɗaya a ajiye, ko wani cikin waɗanda anka ɗauke zai fito.

Asabar, 10, da hantsi

Na fito da asuba, ga takalmana a bakin ɗaki. A jere, an wanke su, har an ɗinke igiyar da ta tsinke tun bara.

Ba inda za ni. Gero ya yi yadda Allah ya so. Na gaya masu haka da munka idar da sallah, ba don sun isa ba, don yaran nan ba su san komai ba, akwai aiki a gabana.

Amma na tara su a tsakar gida, har Zakariya da Dibora na sa anka kira. Na ɗaga takalman na ce wa ya ɗauka?

Ita ta ce tana shara a lokacin. Shi ya ce yana goge babur. Zakariya ya ce shi Kirista ne, ba ya sata ranar Laraba. Dibora ta ce ita ɗinki ma ba ta iya ba, alhali ban ce komai game da ɗinki ba. Halimatu ta rufe baki da hannu biyu. Mahadi ya ce shi ne, amma shi ko an ce wa ya kashe ragon layya cewa yake shi ne. Sunka yi ta dariya, sunka watse, sunka bar ni tsaye da takalmi a hannu.

Ba abin dariya ba ne. Wani ya zauna a wurina a motar nan. Kwana uku ina juya abin, ina da maganar da zan gaya wa wanda ya ɓoye su, kuma ba zan faɗe ta ga bango ba, sai na ga idonsa.

Littafin nan zan bar shi a buɗe bisa tabarma, na san kuna karantawa in na tafi masallaci. Ga fensir nan a tsakiya. Ni Jatau ina tambaya: wa ya ɓoye mani takalmi? Kafin in dawo azahar a rubuta suna a ƙasan nan.